Bugu Bakwai

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
inda ciyawa ta cinye ƙofar da dubbai suka bi,
ina da ɗaki guda, taku tara a tsaye, shida a kwance.
Kwalin ƙwai na liƙe bangonsa da shi
don kada gurnanin janareta ya faɗa waƙar mutane.
Ni ne mai danna jan maɓalli. Iyakar aikina ke nan.

Sallau ya zo daga Kawo, jita a baya kamar goyo,
mota biyu ya hau kafin ya haye gada.
Didam daga Sabon Tasha, sanduna a aljihun baya,
ganguna huɗu, da faranti mai tsaga a baki.
Ranar farko gaisuwarsu gajera ce,
kowa na auna kunnen ɗan'uwansa.

Didam ya ƙirga: ɗaya, biyu, har bakwai, ya koma.
Sallau ya ce, "Ina na takwas? Ka ci mana bashi."
Ya ce, "Babu shi. Haka injin babana yake tafiya.
Shekara ashirin yana tsaye gabansa a masaƙar nan,
haƙori ɗaya ya karye a cikin ƙarfen,
sai ya riƙa ɗingishi, bakwai, bakwai.
Ranar da na kai masa tuwo na fara jin sa.
Ko tarin da ya tafi da shi,
bakwai yake yi, ya huta."

Sallau bai tanka ba. Ya sassauta tsirkiya ɗaya,
ya murɗa jitar har ta ari muryar gurmi,
sannan ya taka wani abu a ƙasa
sai ta yi ruri kamar tirela a hawan Kawo.
Na manta ban danna ba.
Wannan karon, mafi kyau duka, iska ce ta sha.

Damina guda muka yi a ciki.
Ruwa kan kwano ya ɓata mana kwana goma sha ɗaya,
a na sha biyu muka bar shi, ya zama ɗan amshi.
Sun yi faɗa kan tsakiyar waƙa ta uku,
faɗa na gaske, har kofin shayi ya fashe.
Sallau ya ɗauke ƙafa mako uku.
Didam ya zo shi kaɗai, ya buga nasa,
ya bar fili minti biyu, ya ce, "Wurinsa ne, kar ka taɓa."

Wani dare bayan isha'i Sallau ya ƙwanƙwasa.
Ya sa abin ji a kunne, ya rufe ido,
filin ya zo, ya wuce, hannunsa na kan cinya.
Ya ce, "Bar shi haka.
Ban taɓa buga abin da ya kai wannan ba."

Mun kai faifan gidan rediyo.
Mutumin ya dubi agogo: "Minti sha tara, waƙa ɗaya?
Ƙafa ma ta rasa inda za ta sauka.
Ku yanko min uku daga ciki."
Muka karɓi abinmu, muka sayi rake a hanya.

Da yamma na buɗe taga saboda zafi, na kunna.
Iya Kande mai ƙosai, a bakin kwalbati,
wadda ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin zare,
ta tsaya cak, matsami a sama, mai yana ɗiga.
Ta leƙo ta ce, "Kai yaro,
wa ya tada injin layi na uku?"

Ƙosan ya ƙone.
Ba wanda ya ce ta juya shi.